Dogayen sifiku na gwanjo ko ƙanana sababbi: wanne ya dace da falo mai tayil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Falona mita 5 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, ƙasa tayil, sama silin POP. Ina da amfilifaya ta hannu mai wat 50 kowane gefe. Wani mai shago ya nuna min wasu dogayen sifiku na gwanjo, an rubuta 1500W a bayansu, ya ce su ne daidai da gidan babban mutum. Abokina kuma ya ce in haƙura in ƙara tara kuɗi in sayi ƙanana sababbi, ya ambaci ELAC Debut B6.2, KEF Q350, Wharfedale Diamond 12.2 da Klipsch RP-600M. Ƙira'a nake ji da safe, da yamma kiɗan gargajiya da na zamani, ran Asabar ƙwallo. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ga hukuncin tun farko, dalilai su biyo baya. A falo irin naka, da amfilifayar da ke hannunka, ƙanana biyu masu wufa (babban faifan da ke fitar da sauti mai kauri) mai inci 6.5, kowace a kan ƙafarta, sun fi maka waɗancan dogayen, sai fa idan dogayen sun tsallake binciken da zan faɗa a ƙasa, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Kuma kafin ka biya kuɗin ko wace sifika, ka cire kuɗin kafet da labule mai kauri daga cikin abin da ka tanada. Abokinka ya fi mai shagon gaskiya, amma shi ma sunayen kaya ya ba ka, bai tambaye ka ɗakin da za su zauna ba.

Mu fara kawar da 1500W ɗin nan daga hanya. Sifika ba ta haifar da wat, sha take yi. Lambar da ke bayanta, idan ma ta gaskiya ce, tana faɗin iyakar wutar da za ta iya jurewa kafin koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ta ƙone, kamar rubutun da ke jikin babbar mota na yawan kayan da za ta ɗauka: bai ce maka komai a kan gudunta ba. Galibi ma irin waɗannan manyan lambobi na PMPO ne, lissafin da ba shi da ma'auni tsayayye, kowane kamfani da yadda yake ƙirƙiro nasa. Wasan ya daɗe, har sai da hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa doka a 1974 cewa dole mai sayar da amfilifaya ya faɗi wat ɗin da take bayarwa a ɗore, ba na ƙiftawar ido ba. Idan kana son ka kama ƙaryar da kanka, juya bayan duk wani hom tiyata da aka rubuta wa 3000W a kwali, ka duba wutar da yake ja daga soket. Abin da ke jan wat 60 ko 80 daga bango ba shi da inda zai samo dubu uku ya ba ka.

Lambar da ta kamata ka nema ita ce ta ƙara, wadda ake rubutawa da dB. Idan ka ga 87 dB, ana nufin an ba sifikar bolt 2.83, wato wat ɗaya ke nan ga sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta), aka auna ƙararta a nisan mita ɗaya. Daga nan lissafin ba wuya. Duk ƙarin 3 dB yana buƙatar ninka wat sau biyu, ƙarin 10 dB kuwa sau goma, kuma sai an kai wajen 10 dB ɗin kunne yake jin kamar ƙara ta ninku. Wat 50 naka sun ɗara wat ɗaya da 17 dB, saboda haka sifika mai 87 za ta iya kai 104 dB a mita ɗaya. A kujerarka, wajen mita uku, nisa zai ci wajen 9 da rabi, amma sifika ta biyu da bangon ɗaki za su mayar da wani abu, ka tashi da kusan 100. Masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa 85 dB a matsayin iyakar abin da kunne zai jure na awa takwas. Ka ga ke nan a zaman sauraro na yau da kullum wat ɗaya zuwa biyu kake ci, sauran ajiya ce don bugun ganga na farat ɗaya. Da za ka sayar da amfilifayarka ka sayi mai wat 100, 3 dB kacal za ka ƙaru da shi. Ka riƙe abarka.

Abin da ke kashe sifika a gidajenmu ma ba yawan wat ba ne, yawanci ƙarancinsa ne haɗe da ƙure bolum. Idan aka matsa wa ƙaramar amfilifaya ta wuce iyakarta, sai ta riƙa yanke kan sauti, muryar ta yi kaushi tana tsaga, zafin ya taru a tuwita, ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti, wadda wayar koyil ɗinta siririya ce ƙwarai. Duk mai gyaran rediyo ya san wannan, ran biki ko ran da yara suka samu remot ake kawo masa su. Da ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Sai om. Duba bayan amfilifayarka kusa da inda ake ɗaura waya. Idan an rubuta 4 zuwa 16, ba ka da damuwa. Idan 8 zuwa 16 ne, ka guji sifika mai om 4, domin tana jan wuta ninki biyu, amfilifayar ta yi zafi, a zafin Afrilu kuwa ba sai an faɗa maka ba. Ka kuma sani lambar om matsakaici ce kawai. KEF da kansu sun rubuta 8 a Q350, amma sun bayyana cewa a wani wurin tana sauka ƙasa da 4. Wannan ba matsala ba ce ga amfilifaya mai lafiya, in dai ba ka ƙure ta ba, kuma ka bar mata iska, kada ka ɗora dikoda a kanta.

Yanzu ga inda maganar take, wato falon. Rabin abin da kunnenka zai ji a mita uku ba daga sifika yake zuwa kai tsaye ba, daga bango da ƙasa da silin yake dawowa. Shiga tsakiyar falon, ka kashe fanka, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani siririn amo yana bin tafin, kamar ana kaɗa waya, to shi ne zai hau kan duk abin da ka kunna. Tayil, bangon siminti mai fenti da gilashin taga ba sa shan komai na siririn sauti, mayar da shi suke. Shi ya sa sifikar da ta yi daɗi a shago mai cike da kwalaye take zuwa gida ta zama mai tsawa, harafin "s" na mai karanta labarai ya riƙa sukar kunne. Yawancin sharhin da za ka karanta a intanet an rubuta shi ne a ɗakuna masu kafet daga bango zuwa bango, a Amurka ma bangon na allon jifsam ne mai ɗan lanƙwasa da ke shanye wani ɓangare na bes, wato sauti mai kauri. Bulo da siminti ba sa lanƙwasa. Duk bes ɗin da ka zuba, yana nan tare da kai.

Kuma ba daidai yake zama a ko'ina ba. Kowane ɗaki yana da wasu sautuka da yake kumburawa, gwargwadon tazarar da ke tsakanin bangayensa. Ana raba gudun sauti, mita 343 a daƙiƙa, da ninki biyu na tazarar. Tsawonka na mita 5 ya ba da 34 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan), faɗin mita 4 ya ba da 43 Hz, idan silin ya kai mita 3 sai 57 Hz, sannan ninkin kowanne, 68, 86, 114. A zafinmu sauti ya ɗan fi haka gudu, yakan kai 355 idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 40, amma bambancin bai canja hukunci ba. Abin lura shi ne igiyar ƙasa ta jitar bes tana kan 41 Hz, gab da 43 ɗinka. Dogayen sifiku masu wufa biyu ko uku za su yi ta zuba ƙarfi a daidai wurin da ɗakin ya riga ya kumbura, sai ka ji sauti ɗaya yana ta guɗa, gum, gum, ko wace waƙa aka sa, ƙofar kabad tana rawa, muryar mawaƙi ta nutse. Mutane da yawa wannan suke kira "tana da bes". Gwada shi da kalangu za ka gane asarar: daɗin kalangu yana cikin hawa da saukar muryarsa lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammata ya saki, kuma ɗakin da ke guɗa yana shafe wannan hawa da saukar, ya bar maka bugu kawai.

Ba ina cewa ƙarama ta fi babba a ko'ina ba ne. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH: ƙaramin akwati, bes mai zurfi, da ƙara mai yawa daga wat kaɗan, biyu kawai za ka samu cikin ukun nan. Klipschorn da Paul Klipsch ya fara ƙerawa a 1946 tana ba da sama da 100 dB daga wat ɗaya, amma girmanta ya kai na firij, kuma dole sai a kusurwar ɗaki. LS3/5A da BBC ta tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri ƙarama ce da za ka rungume da hannu ɗaya, muryar mutum a cikinta abin mamaki ce, amma tana wajen 83 dB kuma ba ta da bes na ƙasa. Wufa mai inci 6.5 a akwati matsakaici ita ce tsaka-tsakin da ya dace da ɗaki mai murabba'in mita 20: tana sauka zuwa wajen 45 ko 50 Hz, ɗakin da kansa ya cika sauran.

To cikin huɗun da abokinka ya ambata fa? Dukkansu wufa mai inci 6.5 ne da su, dukkansu kuma suna da ramin iska da ke taimaka wa bes, kuma inda ramin yake shi ne tambayar farko. Na ELAC B6.2, wadda Andrew Jones ya tsara, a gaba yake, saboda haka ta fi haƙuri idan dole ka matsa ta kusa da bango. An rubuta mata 87 dB da om 6. Sauran ukun ramin a baya yake, suna son a bar musu tazara, ko da santimita 30 zuwa 50 ne. Idan ka san uwargida ba za ta yarda sifika ta fito tsakiyar hanya ba, ka riga ka samu rabin amsarka.

KEF Q350 tana da wani abu da sauran ba su da shi. Tuwitarta a tsakiyar wufa take zaune, tsarin da kamfanin ya fito da shi a 1988 ya kira Uni-Q. Amfaninsa shi ne sautin yana fitowa daga wuri guda, yana bazuwa kusan iri ɗaya sama da ƙasa da gefe. A falonmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba mutum ɗaya ke zama a kujera ɗaya yana fuskantar sifika ba. Wani yana kan kushin na gefe, wani ya kishingiɗa a kafet, yara suna ƙasa. Sifika ta yau da kullum, mai tuwita a sama wufa a ƙasa, tana canja murya sosai idan kunnenka ya sauka ƙasa da tsayinta. Tana kuma zuwa da toshin soso da za ka cusa a ramin baya idan bes ya yi yawa. Ga mai jin ƙira'a da kallon ƙwallo cikin jama'a, ita zan fara saurara.

Wharfedale tsohon gida ne, tun 1932 Gilbert Briggs ya kafa shi a Yorkshire ta Ingila, kuma Diamond 12.2 tana da taushin sama wanda ɗaki mai tayil yake so. Ba ta burge mutum a minti biyun farko, amma ba ta gajiyar da kunne. Klipsch kuwa akasin haka ce. Tuwitarta a cikin ƙaho take, sautinta yana da rai, yana tsalle ya same ka, a shago ita za ta fara jan hankalinka. An rubuta mata 96 dB, sai dai masu aunawa masu zaman kansu sun same ta wajen 90, wanda duk da haka ya ɗara na sauran. A ɗaki mai kafet da labule tana da daɗi ƙwarai, musamman ga kiɗan zamani. A kan tayil tsirara, da goge ko algaita, ni dai ba zan ba da shawararta ba.

Duk wannan ra'ayina ne, kunnenka ne alƙali, amma sai ka hana a yi masa maguɗi. Babban maguɗin shi ne ƙara. Idan sifika biyu suna wasa, wadda ta ɗan fi ƙara, ko da 1 dB ne, ita kunne zai ce ta fi tsabta da cika. Mai 90 dB za ta kayar da mai 87 duk lokacin da aka sauya waya ba a taɓa bolum ba, ba don ta fi ta ba. Sauke manhajar auna ƙara a wayarka, ka ajiye wayar a inda kake zaune, ka daidaita su kafin ka yanke hukunci. Maguɗi na biyu ido ne. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun yi gwaji a kamfanin Harman: mutane suka saurari sifiku suna ganinsu, suka kuma saurare su a bayan labule. Da ana gani, manya masu tsada da ƙyalli suka yi nisa a maki. Da aka rufe, tazarar ta ragu sosai, kuma inda aka ajiye sifikar a ɗaki ya koma yana tasiri fiye da yadda masu gani suka lura. A wannan harka gani ba ya korar ji, ruɗa shi yake yi. Idan mai shago ya yarda, juya baya, abokinka ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka wacce ba ce.

Ka tafi da abin saurarenka, wanda ka haddace, ba wanda mai shago ya zaɓa ba, shi ya san waƙar da ke rufa wa kayansa asiri. Fara da murya zalla, ƙira'ar da ka saba ji. Saurari ko muryar tana fitowa daga tsakiyar sifikun biyu kamar mutum na zaune a wurin, ko tana da toshewar hanci, ko ƙirjin mai karatun ya kumbura fiye da na ɗan Adam. Kunne ya fi sanin muryar mutum a kan komai, ba a yaudararsa a nan. Sannan kukuma ko goge don ka ji ko saman yana suka, sannan kalangu da ganga don bes. Ka saurara a ƙarar da kake ji a gida, har da ƙasa-ƙasa irin ta bayan sallar asuba, domin wata sifikar ba ta farkawa sai an ƙure ta. Kuma ka kula da ingancin abin da ka ɗauko. Waƙar da ta bi ta hannun masu turawa a kasuwa, aka matse ta, ta sake bi ta WhatsApp, ta riga ta rasa abin da sifika mai kyau za ta nuna. Nemi MP3 mai 320, wanda ba a matse sosai ba, ko FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti.

Idan har zuciyarka tana kan dogayen na gwanjo, to akwai na kirki a cikinsu, tsofaffin kayan Ingila da Jamus da Japan sukan faɗo a farashi mai sauƙi. Amma ka bincika da hannunka. Cire ragar gaba. Dubi zoben da ya kewaye wufa: idan na soso ne, shafa shi da ɗan yatsa a hankali, wanda ya tsufa yana marmashewa ko ya manne a hannu, zafi kuma yana gaggauta masa. Na roba ya fi daɗewa. Buɗe yatsunka a kewayen tsakiyar wufa ka tura ciki kaɗan, daidai wa daida. Idan ka ji ƙarar gogayya, koyil ta taɓa ƙonewa ko ta karkace. Kunna a hankali ka kai kunne kan kowace tuwita, sau da yawa ɗaya a mace take, ba a lura saboda hayaniyar kasuwa. Dubi kawunan sukurori, idan sun sha sukuddireba an taɓa buɗewa, kuma abin da aka fi yi shi ne a cire wufar asali a sa wata da ta yi daidai da ramin kawai, ko a tsallake allon da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita a haɗa waya kai tsaye. Wufar hagu da ta dama su zama iri ɗaya sak. Ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa: mai kyau yana amsawa a taƙaice, tik, maras kyau yana amsawa kamar ganga. Dubi gindinsa ko katakon ya sha ruwa ya kumbura. Idan da mitar auna om irin ta masu gyaran rediyo, auna tsakanin jan maɗauri da baƙi, mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 wajen 3, kuma biyun su yi kusa da juna. Sannan ka rubuta sunan da lambar samfurin a intanet. Idan babu inda suka fito, ko hoton da ya fito bai yi kama da abin da ke gabanka ba, akwatin gida ne aka manna wa tambari. Rubutun 1500W ɗin ma shi kansa alama ce, kamfanonin kirki ba su cika rubuta irin wannan a sifikar falo ba.

Waya kada ta ci maka kuɗi. Tagulla zalla mai kaurin 1.5 ko 2.5, irin ta masu wayarin, ta wadatar a tsawon mita uku zuwa biyar. Ka dai kankare bakinta ka gani, idan cikin fari ne, alminiyom ce aka shafa wa tagulla. Sifikun da kansu ba ruwansu da NEPA, amfilifayar ce abin tsoro: ta hannu ce, ka tabbatar an rubuta 220 zuwa 240 a bayanta, domin kayan Amurka na 120 ne, na cikin gidan Japan 100. Sa mata situbilaiza, ka kashe ta kafin a sauya zuwa janareta. Idan inbata kake amfani da ita kuma ka ji taransifomar amfilifayar tana gurnani, inbatar ce ba ta ba da tsabtatacciyar wuta.

Ranar da suka iso gida, kada ka tura su cikin kabad ɗin talabijin ko ka ajiye su a ƙasa ko a kusurwa. Ƙafa mai tsayin wajen santimita 60 za ta kawo tuwita daidai kunnen wanda ke zaune, mai walda zai haɗa maka ita da bututun ƙarfe, ka cika cikin da busasshen yashi. Jera su a bangon mita 4, suna kallon tsawon ɗakin, tsakaninsu kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, kai kuma nisanka da kowace ya yi kusan haka ko ya ɗan ɗara. Kafet ya zauna a tsakaninka da su, nan ne sautin ke fara dukan tayil. Kujerarka kada ta manne da bangon baya, can bes yake taruwa, kada kuma ta zauna a tsakiyar ɗaki cif, can yake ɓacewa. Ja ta gaba ko baya da taku ɗaya kana jin waƙa guda, za ka sha mamakin bambancin. Lokacin hunturu ka bar ragar gaba a rufe saboda ƙura, kuma kada kowa ya goge tuwita da tsumma. Idan ka zauna da su wata biyu ka ji har yanzu kana son ƙarin nauyi a ƙasa don fim da kiɗan zamani, sai ka ƙara sabwufa, sifikar bes zalla, guda mai amfilifayar kanta, ka saita ta ta karɓi aiki daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa, ka rage ƙararta har sai ka daina gane daga inda take fitowa.